Magani mai rai: aikin Michel Sadelain da tambayar Maman Hanifa

Nafisa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun shekaranjiya da aka turo hoton garin maganin nan na leda da ake tallarsa da sunan sitem sel nake son yin magana, aiki ya riƙe ni. Kafin mu zo kan garin, ina so ku ji labarin wani mutum da ya kwashe sama da shekara talatin a kan ainihin abin, don a san yadda na gaskiyar yake.

Sunansa Michel Sadelain. A Faransa aka haife shi, ya karanta likitanci a Faris, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Alberta ta Kanada, sannan a 1994 ya kama aiki a asibitin sankara na Memorial Sloan Kettering da ke New York. Tambayar da ya riƙe ita ce: maimakon a ba mara lafiya ƙwaya ko allura, me zai hana a ɗebi ƙwayoyin jininsa, a gyara su a ɗakin gwaji, a mayar masa su yi aikin? Ya bi ta hanya biyu. Ɗaya ta ƙwayoyin T ce, wato sojojin da ke cikin jini masu kashe duk abin da suka gane baƙo ne. Ɗayar kuma ta iyayen ƙwayoyin jini ce da ke cikin ɓargo, waɗanda su ne sitem sel na jini. Shi yakan kira waɗannan ƙwayoyin T da aka gyara magani mai rai, domin suna hayayyafa a jikin mutum, wani lokaci su zauna shekaru suna gadi.

Malam Iliyasu:
Wa alaikumus salam. Nafisa 'yata, a bi da mu a hankali, mu na da ne. Idan sojojin suna cikin jinin tun farko, me ya hana su kashe sankarar da kansu?

Nafisa:
Baba, kun tambayi gindin maganar. Ƙwayar sankara ba daga waje ta zo ba, ƙwayar jikin mutum ce ta lalace. To sojan yakan wuce ta yana ganin 'yar gida ce. Abin da aka yi shi ne a ƙera wa sojan wani sabon ido wanda ba a haife shi da shi ba, wanda zai gane wata alama a bayan ƙwayar sankarar ya cafke ta. Wannan idon shi ake kira CAR, sojan da aka sa wa kuma CAR-T.

Ba Sadelain ne ya fara ƙera shi ba. Wani masani a Isra'ila, Zelig Eshhar, shi ya fito da samfurin farko tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990. Sai dai nasa yana da nakasu. Sojan zai ga abokin gaba, ya ɗan kai sara, sai ya yi laushi ya mutu ba tare da ya hayayyafa ba.

Dakta Bashir:
Bari in karɓe ki a nan, don wannan wurin ne ya fi burge ni. Ƙwayar T ba ta fita yaƙi da umarni ɗaya, Allah ya yi ta ne da buƙatar umarni biyu. Na farko ya ce mata ga abokin gaba. Na biyu ya ce mata an yarje ki, ki yaƙe shi, ki haifi 'ya'ya. Idan na farko kawai ta samu sai ta zauna, kuma wannan kariya ce gare mu, don kada garkuwar jiki ta riƙa afka wa jikin mai ita a kan kuskure. Samfurin Eshhar umarni na farko kawai yake bayarwa. A 2002 ɗakin gwajin Sadelain ya nuna cewa idan aka liƙa wani yanki da ake kira CD28 a cikin idon nan, umarni biyun za su tashi tare, ƙwayoyin su yi ta ninkawa duk sanda suka haɗu da sankarar.

Shekara ɗaya bayan haka, a 2003, shi da abokin aikinsa Renier Brentjens suka nuna alamar da ya dace a sa a gaba, wato CD19, kuma suka warkar da ɓeraye da ita. Hikimar zaɓen ita ce CD19 a jikin ƙwayoyin B kawai take, wato wani rukunin ƙwayoyin jini masu haɗa sinadarin garkuwa, masu lafiyarsu da waɗanda suka zama sankara. Babu ita a zuciya, babu a hanta, babu a huhu. Sojan zai share ƙwayoyin B gaba ɗaya, na kirki da na banza, amma mutum yana iya rayuwa ba su idan ana yi masa ƙarin sinadarin garkuwa lokaci lokaci. Magungunan CAR-T na farko da aka amince da su duk wannan alamar suke bi.

Malam Iliyasu:
Ikon Allah. Wato an yarda a rasa unguwa guda don a tsirar da gari.

Dakta Bashir:
Haka ne Baba. Kuma daga ɓera zuwa mutum sai da aka sake ɗaukar shekaru. A 2013 suka fitar da sakamakon manya biyar masu wata muguwar sankarar jini wadda ta dawo bayan an yi musu kemo, wato maganin nan mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin sankara. Duka biyar ɗin aka nemi cutar a ɓargonsu aka rasa. Huɗu daga ciki aka ci gaba aka yi musu dashen ɓargo. Irin waɗannan marasa lafiya a da watanni ake ƙirga musu.

Maman Hanifa:
Salamu alaikum. Ku gafarce ni na katse ku. Ni ce na turo hoton garin. Na karanta duk abin da kuka rubuta sau biyu. Ni tambayata ɗaya ce, wannan abin yana maganin sikila? Hanifa shekararta tara. Wannan damina sau uku muna kwanciya asibiti.

Nafisa:
Allah ya ba ta lafiya Anti. CAR-T kam ba na sikila ba ne, na sankarar jini ne. Amma ɗayar hanyar da na ambata ta mutumin nan, ita ta taɓo ku kai tsaye. Bari Dakta ya yi bayani, fanninsa ne.

Dakta Bashir:
Hajiya, sannu da jinya. Zan gaya miki yadda abin yake ba ƙari ba ragi.

Jan jinin da ke jikin Hanifa daga ɓargonta yake fitowa. A can akwai iyayen ƙwayoyi da ke haifar sabon jini kullum har ƙarshen rayuwa. Kuskuren sikila a rubuce yake a cikin waɗannan iyayen, shi ya sa ƙarin jini ba ya warkarwa, jinin da aka ƙara yana ƙarewa ne cikin 'yan makonni, ɓargon ya ci gaba da fitar da nasa. Mafita biyu ce: ko a canza iyayen da na wani, shi ne dashen ɓargo, ko a ciro nata a gyara a mayar.

A ta biyun ne Sadelain ya yi aiki. Akwai wata cuta 'yar'uwar sikila da ake kira talasimiya, ta fi yawa a ƙasashen bakin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da kudancin Asiya, ita ma matsalar sinadarin jan jini ce. A shekarar 2000 ɗakin gwajinsa ya ɗauki bairos irin dangin HIV, aka cire masa duk abin da ke sa cuta ya zama kamar buhu, aka zuba masa lafiyayyen umarnin haɗa jini, aka shigar da shi cikin iyayen ƙwayoyin ɓargon ɓeraye masu talasimiya, jininsu ya gyaru. Kafin nan an daɗe ana gwadawa ana faɗuwa, saboda umarnin yakan shiga amma ya ƙi yin aiki da ƙarfin da ake buƙata. Wasu masana suka bi wannan layin da nasu samfurin har aka kai ga mutane. A Disambar 2023 Amurka ta amince da magunguna biyu na sikila a rana ɗaya, Lyfgenia mai amfani da buhun bairos, da Casgevy mai bin wata dabarar daban.

Maman Hanifa:
Wato akwai maganin. Allahu Akbar. To nawa ne?

Dakta Bashir:
Casgevy dala miliyan 2.2, Lyfgenia dala miliyan 3.1. Ban da kuɗin kwanciya.

Abba Kurna:
To kun gani. Ni tun da aka fara nake shiru. Don Allah Anti Nafisa mene ne amfanin kawo mana wannan? An ɗaga wa baiwar Allah rai an sake ta. Dala miliyan biyu, mu da ake rubuta mana folik asid mu tsaya muna lissafi a gaban kanti. Ana cewa yara wajen 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. An yi maganin cutarmu an ajiye shi inda ba za mu taɓa kai hannu ba. Ni wannan labarin baƙin ciki yake sa ni, ba murna ba.

Nafisa:
Abba, baƙin cikinka a kan hanya yake, ni ma ina jin sa. Amma ka duba me ya faru a zauren nan. An turo hoton gari a leda an ce sitem sel ne, mutum nawa suka tambayi lambar mai sayarwa? Na ƙirga bakwai. Wanda bai san yadda na gaskiya yake ba shi ake sayar wa na ƙarya. Dalilina ke nan.

Maman Hanifa:
Ni ba tambayar lamba na yi ba, na riga na saya. Bara ne. Wata mata muka haɗu a layin ganin likita, ta ce ɗanta ya bar kwanciya tun da ta fara ba shi. Ta zo har gida da 'yar jakarta, ta nuna mini bidiyon mutane suna ba da shaida, ta ce a zuba a ƙarƙashin harshe da safe kafin a ci komai, cikin wata shida jinin zai koma AA. Na sayar da 'yan kunnena na zinare da na ajiye tun na aure. Ta kuma ce a dakatar da maganin asibiti don kada su yi karo, na dakatar. Wata na uku cikin dare Hanifa ta tashi tana riƙe ƙirji, numfashi sama-sama, idonta ya yi ɗorawa shar. Leda biyu na jini aka ƙara mata. Da likitan ya tambaye ni ko tana shan maganinta, na kasa ɗaga kai. Har yau mahaifinta bai san kuɗin da na kashe ba. Hoton da na turo wani sabo ne aka kawo mini, na turo ne in ji ko shi ma irin wancan ne.

Nafisa:
Innalillahi. Anti, ba ke kaɗai ba ce wallahi, kuma son 'yarki ne ya sa. Irin wancan ne, kada ki saya. Ki duba bayan ledar, yawanci za ki ga an rubuta daga tuffa ko inabi aka haɗa. Ƙwayar itace ba ta zama jinin mutum. Ko da ta mutum ce, da zarar an busar da ita ta zama gari ta mutu, abin da ya wuce ta baki kuma ciki narkar da shi yake kamar tuwo. Ni da ke aiki a ma'ajiyar jini, ledar jini ta yau da kullum sai an riƙe ta tsakanin digiri 2 da 6, in ta fita daga nan ta daɗe zubarwa muke. Su kuwa waɗannan ƙwayoyin a cikin ruwan naitirojin ake daskarar da su, sanyin da ya haura digiri 150 ƙasa da sifili. Abin da ake tallarsa a jaka cikin zafin Afrilu ba shi ba ne.

Ustaz Mukhtar:
Allah ya mayar miki da alheri Hajiya. Wanda ya ci kuɗin mara lafiya da ƙarya, hisabinsa na gaban Allah. Ina da tambaya ga likitoci kafin a wuce. Mun ji ana cewa sitem sel daga 'yan tayi ake ciro su. Idan haka ne akwai magana.

Dakta Bashir:
Akwai irin waɗancan Ustaz, su ne aka yi ta cece-kuce a kansu a Amurka. Amma duk abin da muka ambata a nan daga jikin mara lafiyar ne, ko daga ɗan'uwansa da yardarsa, ko jinin cibiyar jariri bayan haihuwa. Har ma akwai hanyar da wani Bajapane, Shinya Yamanaka, ya gano a 2006, ta mayar da ƙwayar fatar baligi ta koma kamar ta asali, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2012. Sadelain ya ɗauki wannan dabarar a 2013 ya nuna ana iya samar da ƙwayoyin CAR-T daga irin waɗannan. Burin shi ne wata rana a haɗa su da yawa a ajiye, maimakon a yi wa kowane mara lafiya nasa daban, wanda shi ne babban abin da ke sa tsadar.

Ustaz Mukhtar:
Madalla. To wannan ya dace da abin da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta yanke a Makka a 2003, cewa ya halatta a yi magani da su idan tushensu halal ne, kamar baligi da izininsa, ko yaro da izinin waliyyinsa ba tare da cutar da shi ba, ko mabiyiya da cibiya. Abin da suka hana shi ne a zubar da ciki da gangan don a samu. Kuma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani. Gyara abin da ya lalace don a cire wa bawa wahala magani ne, ba canza halitta ba.

Isuhu Damagaram:
Ina gaida mutanen zaure. Mu nan Nijar emasi muke ce mata, akwai cibiya guda ta ƙasa a Yamai da ke kula da masu ita. Garin ledar nan ya iso mu mu ma. Likita, tambayata: wanda Allah ya hore wa kuɗin, shi ke nan an yi masa allura ya tashi?

Dakta Bashir:
Ko kusa, Malam Isuhu. Wannan ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Kafin a mayar wa mai sikila ƙwayoyinsa da aka gyara, sai an kashe tsohon ɓargon da kemo mai ƙarfi don a samu wuri. Gashi zai zube, baki ya yi gyambo, mutum ya yi makonni a killace ba shi da garkuwa ko kaɗan, kuma sau da yawa haihuwa takan tafi. Yarinya kamar Hanifa sai an zauna da iyayenta an yi wannan maganar tun kafin a fara.

CAR-T ma haka. Sa'ad da sojojin suka afka wa sankarar, jiki yakan ɗauki zazzaɓi mai tsanani, hawan jini ya faɗi, wani ya rikice ya kasa magana na 'yan kwanaki. Yarinyar farko da aka yi wa a Filadelfiya ta Amurka a 2012, Emily Whitehead, 'yar shekara shida, saura ƙiris ta tafi. Wannan a ƙarƙashin ayarin wani masani mai suna Carl June ne, wanda suka yi ta tsere da su Sadelain. Da aka auna jininta aka ga wani sinadari mai suna IL-6 ya yi tashin gwauron zabo. June ya san wani maganin amosanin gaɓɓai da ke toshe wannan sinadarin, saboda 'yarsa tana fama da ciwon gaɓɓai. Aka ba ta, ta farfaɗo, tana nan da ranta har ta shiga jami'a. Yanzu ba a fara CAR-T sai wannan maganin yana ajiye a kusa. A 2024 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi cewa a wasu 'yan tsiraru an ga sabuwar sankara ta ƙwayoyin T bayan maganin. Wasu kuma cutar takan dawo, domin sankarar takan ɓoye alamar CD19 ɗin sojan ya daina ganinta.

Abba Kurna:
Kun ƙara ƙarfafa maganata. Ga tsada, ga hatsari, ga shi sai da ɗakin kulawa ta musamman. Kuma Dakta ka faɗa mana gaskiya, sankarar da ke kashe iyayenmu mata ta mama ce da ta bakin mahaifa, maza kuma ta mafitsara da hanta. Yana yi musu?

Dakta Bashir:
Har yanzu bai yi musu abin a zo a gani ba. A sankarar jini ya yi suna. Mai ƙullutu tana da wuyar shiga, kuma da wuya a samu alamar da take a jikinta kaɗai ba a wata gaɓa mai muhimmanci ba. Ana kan aiki.

Abba Kurna:
To ni ra'ayina a bar Turawa da abinsu. Kuɗin mutum ɗaya zai yi wa dubban ma'aurata gwajin jini kafin aure. Kano ta yi doka a 2024, a tsaya a kanta. In an daina haɗa AS da AS an gama.

Maman Hanifa:
Abba ƙanena, mu ma an yi mana gwaji. Takardar tana nan a akwatina, an rubuta wa mahaifinta AA. Sai da Hanifa ta kai wata bakwai hannuwanta suka kumbura kamar an hura, tana ta tsala kuka ba a san dalili ba, aka sake aunawa aka ga AS ne. A yi gwaji, ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Amma waɗanda aka riga aka haifa fa? Ba za a mayar da su ciki ba.

Abba Kurna:
Ki yafe ni Anti, ban yi nufin haka ba. Allah ya ba ta lafiya.

Nafisa:
Anti, wata bakwai ɗin nan da kika ambata, a cikinsa sirrin Casgevy yake. Jariri yana zuwa duniya da wani irin sinadarin jini na zaman ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Shi ke kare mai sikila a watannin farko. Wajen wata shida sai jiki ya kashe shi ya kunna na manya, a nan ciwon ke bayyana, kamar yadda kika gani da idonki. Masana sun gano makunnin da ke kashe shi, Casgevy kuma lalata makunnin yake yi a cikin iyayen ƙwayoyin, sai jinin jarirantaka ya dawo.

Abba, kan tsada kuma, ban yarda a bar musu ba. Maganin CAR-T na farko da Amurka ta amince da shi a 2017, Kymriah, dala 475,000 aka sa masa. Indiya ba ta ce a bar wa Turawa ba. Masana a cibiyar fasaha ta IIT Bombay da asibitin Tata Memorial suka haɗa nasu, aka amince da shi a 2023, kuɗinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na na Amurka. Wani asibitin gwamnati a Basalona ta Sifen shi ma yana haɗa nasa a cikin gida. Har yanzu ya fi ƙarfin talaka, na sani. Amma ya nuna farashin farko ba shi ne na ƙarshe ba.

Abin da ke ci mini rai daban ne. Ranar da wuta ta ɗauke a wurin aikinmu, janareta ya ƙi tashi, ni da abokiyar aikina muka tsaya da fitilar waya muna kallon ma'aunin firij yana hawa, 6, 7, 8, ga ledoji a ciki da mutane suka ba da don 'yan'uwansu. Muka kwashe su a kula da ƙanƙara muka ruga wani sashe. Ƙwayoyin CAR-T sati ɗaya zuwa biyu ake renonsu a zafin jikin mutum, a ɗakin da ko ƙura ba ta shiga. Kafin mu yi maganar miliyoyin daloli, wuta da ma'ajiyar jini mai aminci muke buƙata, kuma waɗannan ba su fi ƙarfinmu ba.

Malam Iliyasu:
Ni na ga zamanin da ba a ma san sunan ciwon ba. Ƙanwata biyu suka rasu suna yara, ana cewa sanyin ƙashi ne, wasu su ce iska. Mahaifiyarmu takan gasa tsumma a wuta ta ɗaure musu gwiwa, abin da take da shi ke nan. Yau ga shi ana maganar gyara ɓargo. Mutumin nan daga kama aikinsa a 1994 zuwa fitowar maganin farko a 2017 shekara 23 ke nan, akwai wanda ya riƙa biyansa albashi yana kiwon ɓeraye ba a ga riba ba. Abba, ka ce a bar musu. Ni ina ganin yaranmu masu karatun likita ya kamata a samar wa irin wannan haƙurin.

Dakta Bashir:
Baba, an ma fara. Dashen ɓargo ga mai sikila an yi shi a Najeriya tun 2011, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Nosakhare Bazuaye, yaro ne aka ɗebi ɓargon yayansa. Kuma Hajiya, wannan ya fi kusa da ke a kan na dala miliyan biyu. Idan aka samu ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya wanda ɓargonsu ya dace, yara sama da tara cikin goma suna rabuwa da ciwon. Kowane ɗan'uwa yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa, kuma mai AS ma yana iya bayarwa. Shi ma da kemo, da hatsarin sabon ɓargon ya juya ya yaƙi jiki, da kuɗi masu yawa, ba kowane yaro ake ba wa shawarar yi ba.

Abin da nake so ki fara da shi ya fi wannan sauƙi. Akwai hydroxyurea, ƙwaya ce, ita ma jinin jarirantakar nan take ɗagawa, ba dai kamar Casgevy ba. A Kano aka yi binciken da ya nuna tana kare yaran da ke cikin hatsarin shanyewar ɓarin jiki, likitocin asibitin Malam Aminu Kano da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka yi. Tana shan ta? An taɓa yi mata hoton jijiyoyin kai da ake kira TCD?

Maman Hanifa:
An taɓa rubuta mata, na sha jin ana cewa maganin sankara ne sai na ji tsoro ban saya ba. Hoton kai kuma ba a taɓa yi ba.

Dakta Bashir:
Gaskiya ne da shi aka fara a sankara, amma an shafe shekaru ana ba yara masu sikila, a nan Afirka ma an gwada an ga amfaninsa. Sharaɗin shi ne likitanta ya auna nauyinta ya tsara mata, a riƙa duba jininta. Kada ki saya da kanki a kanti. TCD kuma ba ya ciwo, wani abu ake ɗora mata a gefen kai kamar na awon ciki, daga shekara biyu zuwa sha shida ake yi wa yara duk shekara.

Abba Kurna:
Wannan kam na yarda da shi. Amma maganar Indiya Anti Nafisa, ina nan a kan bakana sai na ga wanda zai biya. Zan dawo kanta in na taso daga kasuwa.

Maman Hanifa:
Ranar Alhamis muke da ganin likita. Na rubuta su a takarda, hydroxyurea da TCD. Dakta, yayanta Sadiƙ AS ne, shekararsa goma sha biyu, ƙaramar kuma ba a auna ta ba tukuna. Gwajin dacewar ɓargon nan, me zan ce musu sunansa?

Dakta Bashir:
HLA. Ki ce kina son a yi miki bayanin gwajin HLA na 'yan'uwa. Ki tafi da ledar garin nan ma ki nuna wa likitan, ya san abin da ake kawo wa marasa lafiyarsa a layi.